Tsuntsun Kasmiran da Akwatin da Iska ta Shiga

A duk unguwar Karangwungu, can gefen Klaten, babu abin da za ka ambata Pak Kasmiran ya ce bai iya ba. In babur ɗinka na tari, shi bakanike ne. In haƙorinka na ciwo, ya taɓa zama kujera ɗaya da wani likita a mota tun daga Solo har Surabaya. Shi ya gyara famfon rumfar Yu Sarmi mai gahawa, aka kwana uku ruwa na fitowa ta bango. Ko a lokacin bai sauke murya ba, cewa ya yi da ma haka famfunan zamani suke.

Yana da tsuntsu guda, murai, irin mai dogon wutsiyar nan, ya raɗa masa suna Guntur, wato Tsawa. Shekara ɗaya da rabi Guntur na cin gyare da ƙwan tururuwa, ana yi masa wanka da safe, ana shanya shi a hantsi kamar jariri, amma duk abin da ya taɓa fitowa daga bakinsa bai wuce "cit" ba. Sau ɗaya in gari ya waye, sau ɗaya in ya ga kyanwa.

Sai 'yarsu Ningrum, da ke aure can Balikpapan a ƙetaren teku, ta aiko a sa musu intanet a gida, don uwarta Bu Tumirah ta riƙa ganin jikanta Danang a waya duk Lahadi bayan la'asar. Ma'aikacin kamfani ya zo ya ja waya, ya kafa ɗan farin akwati mai fitila a saman kabad, sannan ya juyo.

"Pak, akwai ma'auni fa. Kowane wata akwai iya datar da za ku sha. In kun cinye kafin wata ya mutu ba za a yanke ba, amma zai koma tafiyar katantanwa."

Kasmiran ya nuna motar da ke ƙofar gida. "Mas, me aka rubuta a jikin motarka?"

"Ba iyaka."

"To?"

"Akwai ƙaramin rubutu a ƙasa, Pak."

"Ƙaramin rubutu na ƙananan mutane ne. Gaya min, wannan abin yana kawo kukan tsuntsaye?"

Bu Tumirah na bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, kuma shekara talatin da biyu ta yi tana jin irin wannan tambaya. Ta ce wa mijinta, "Pakne, ni ban san ma'auni ba, ban san katantanwa ba. Abin da na sani ɗaya ne. Ranar Lahadin da na zauna ban ga fuskar jikana ba saboda wancan mai cin gyaren, ranar zai bar gidan nan."

"Bune, ke dai ki share wurin ajiye kofi a saman kabad."

Kofin da yake nufi shi ne na gasar kukan tsuntsaye da ake yi a filin bayan kasuwa, saura mako uku. Shekara uku a jere tsuntsun Haji Mulyoto mai shagon tayil ke ɗauka. Dabarar Kasmiran kuwa ga ta: ya samo bidiyon wani gwarzon murai mai tsawon awa goma, ya jingina wayarsa a jikin keji, ya sa hoton a kan mafi tsabtar da ake da ita, wai don Guntur ya ga yadda manya ke buɗe baki. Daga fitowar rana har faɗuwarta gwarzo na rera waƙa, Guntur na kallonsa da ido ɗaya yana cin gyare.

Da abin ya tsaya nan, da watakila an kai ƙarshen wata. Amma Kasmiran ba ya iya riƙe alheri a ciki. Rumfar Yu Sarmi bango ɗaya ne tsakaninta da gidansa, washegari ya zauna a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Yanzu duniya a saman kabad ɗina take kwana. Ba iyaka."

Mbah Darmo, tsohon da haƙori biyu suka rage masa kuma duka biyun na tsokana ne, wanda ke gutsure sunan Kasmiran ya ce Ran, ya tsoma soyayyar ayaba a gahawa. "Na ƙanena ma haka aka ce, Ran. Kwana ashirin ya ƙare."

"Ƙanenka bai san kan abin ba, Mbah. Ni ko unguwar nan kaf ta hau, ba zai girgiza ba."

"Baki dai."

"Baki? Yu, ba ni alli!"

Ya miƙe, ya rubuta lambar sirrin akwatin ɓaro-ɓaro a allon da Yu Sarmi ke rubuta abincin ranar, ƙarƙashin miyar ganyen rogo. Har ya ja layi biyu.

Kafin azahar rumfar ta cika kamar ana rabon zakka. 'Yan acaɓa bakwai suka jera babura suna kallon ƙwallon da aka buga bara. Yu Sarmi ta kama wani wasan kwaikwayo mai kashi ɗari uku, tana kuka tana ƙona tempe, wainar waken suyan da take sayarwa. Mbah Darmo ya gano ana samun wasan 'yar tsana na wayang mai awa takwas, ya kunna, ya yi barci a minti na biyar, wayar na ci gaba da aiki a kan cikinsa. Kasmiran na zagayawa hannu a baya kamar mai duba gonarsa.

"Ku sha, ku sha. Akwai a inda ya fito."

Rana ta shida saƙo ya shigo: tin-tin! Kun sha kashi tamanin cikin ɗari.

Ya karanta sau biyu, ya leƙa kicin ya ga Bu Tumirah na daka barkono, ya koma da sanɗa. Goge lambar daga allo dai ba zai yiwu ba, Mbah Darmo na zaune a ƙarƙashinta kullum. Sai ya zauna ya yi nazari irin nasa. Kamfani ai abin da aka ji yake aunawa, don haka ya rage ƙarar wayar. Kamfani ai abin da aka gani yake aunawa, don haka ya yafa wa fuskar wayar tsumma. Ya shiga rumfa yana cewa kowa ya riƙa kallo da ido ɗaya, sabon umarni ne daga likitocin ido.

Rana ta tara: tin-tin! Kun cinye.

Nan take gwarzon da ke cikin waya ya sauya hali. Ya ɗauko waƙa tiriri-tiriri-tiii, sai ya ƙame, baki buɗe, wani ɗan zobe na juyawa a kan ƙirjinsa. A ƙirga goma, a ƙirga ashirin, sannan ya ɗora daga daidai inda ya tsaya. Layi uku, ya sake ƙamewa.

Daga bayan bango Yu Sarmi ta ƙwala kira. "Kang Kasmiran! Matar nan ta ɗaga hannu za ta mari kishiyar uwar mijinta tun ɗazu, hannun na sama har yanzu!"

"Hadari ne ya taso a Jakarta, Yu! Yanzu zai wuce!"

"Ran," in ji Mbah Darmo, "duniyar da ke saman kabad ɗinka ta yi barci ne?"

Kasmiran ya sauko da akwatin, ya taɓa shi da bayan hannu, ya ji ɗumi. Ya kara a kunne. Sai fuskarsa ta washe.

"Iska ce ta shige shi! Ga shi kusa da taga, ba riga ba bargo, dole!"

To, a garin nan wanda iska ta shiga, wato sanyi ya kama, kowa ya san maganinsa. Ya fito da akwatin baranda har inda wayar jikin akwatin ta kai, ya kifa shi a kan tabarma, ya shafe bayansa da man zafi, ya ɗauko kwandala ya shiga kankara layi-layi, daga tsakiya zuwa haƙarƙari, yadda uwarsa ke yi masa. Mutanen rumfa suka fito suka kewaye shi.

"Bai yi ja ba fa," in ji wani ɗan acaɓa.

"In bai yi ja ba iskar ta yi nisa ke nan. Dole a danna."

"Ka jira ya yi gyatsa," in ji Mbah Darmo. "In bai yi gyatsa ba bai warke ba."

Ya danna. Takardar da ke manne a bayan akwatin, mai lambar wayar kamfani, ta kankare tas. Man ya gangara cikin ramukan. Koriyar fitila ta kyafta sau biyu ta koma ja.

"Ga shi nan! Ya yi ja!" Kasmiran ya ɗaga hannu sama. "Wa ya ce ban iya ba?"

Sai da akwatin ya yini a cikin buhun shinkafa, don ta tsotse man, kafin fitilar ta yarda ta koma koriya, kuma katantanwa na nan yadda take. Shinkafar gidan kuwa mako guda tana ƙamshin man zafi. Bu Tumirah ta ci loma ɗaya ta dube shi, ya ce sabon iri ne, yana maganin sanyi.

Washegari ya zo da wata dabarar. Tunda sai sabon wata kamfani ke sake cika ma'auni, kuma akwati ba ya fita waje balle ya san kwanan wata, ai sai a gaya masa. Ya ciro kalandar shagon taki daga bango, ya tsaya a gaban akwatin, ya yage shafin watan a hankali don ya gani da kyau.

"Kai, wata ya mutu! Barka da sabon wata!"

Shiru. Ya yage wani. Ya yage wani. Kafin Bu Tumirah ta dawo daga kasuwa gidan ya shiga Disamba.

"Pakne, ina ranar bikin 'yar Bu Lurah, matar mai unguwa, da na zagaye da biro?"

"Ya wuce, Bune. An yi lafiya."

Ranar Asabar ya yanke shawarar cewa datar daga sama ake zubo ta, wanda ya fi tsawo shi ke fara tara. Ya ɗaure akwatin a kan gora mai tsawon gaba huɗu, ya ɗaga. Wayar da ke jikin akwatin ba ta kai gaba biyu ba. Ta ja ƙusa, ƙusa ta ja igiyar shanya, igiya ta kwashe faifai uku na wainar shinkafa da Bu Tumirah ta shanya a rufin kicin. Kajin unguwa ba su taɓa ganin rana irin wannan ba. Kasmiran na riƙe da gora yana tangaɗi, zaninsa na zamewa, yana ihu a kama masa ɗaya daga ciki.

"Wanne?" in ji Mbah Darmo. "Gorar ko zanin?"

Lahadi bayan la'asar Bu Tumirah ta yi wanka, ta sa rigarta mai furanni, ta zauna ta kira Balikpapan. Abin da ya fito rabin goshi ne da kunne ɗaya.

"Ningrum? Nduk, 'yata, kina jina?"

"Bu, ga Dan..." Shiru. Zobe na juyawa.

"Wannan goshin na waye? Nasa ne ko na ubansa?"

"...ya fara taf..." Shiru.

Rabin awa ta yi tana kallon kunnen nan. Sannan ta ajiye wayar a hankali, ta miƙe, ta fita baranda, ta sauko da keji daga ƙugiya. Hankalin Kasmiran ya tashi. Ya sha gabanta.

"Bune! Bune, tsaya! Saura kwana bakwai gasar!"

"Matsa."

"Shekara ɗaya da rabi ina..."

"Kana ciyar da bebe. Matsa, Pakne."

A daidai nan Guntur ya miƙe a kan sandarsa, ya ɗaga wutsiya, ya buɗe baki: tiriri-tiriri-tiii! Murya garau kamar ana zuba ruwa a tulun tagulla. Har Yu Sarmi ta leƙo ta kan bango. Sai ya yi shiru.

"Kin ji? Kin ji? Girgiza kejin da kika yi ne ya katse shi!"

Bu Tumirah ta dubi tsuntsu, ta dubi mijinta da idonsa ya cika da ƙwalla. Ta mayar da kejin.

"Lahadi mai zuwa. Ka shigo da kofi, ya zauna. Ka shigo hannu rabbana, ni da kaina zan buɗe masa ƙofa."

Kamar yadda kowane mai tsuntsu ke yi kafin gasa, Kasmiran ya lulluɓe kejin da mayafinsa don kada komai ya ɗauke wa Guntur hankali. Sai dai shi ya cusa wayar a ciki. Kwana bakwai Guntur na cikin duhu shi da malaminsa mai ƙamewa, babu wanda ya ji abin da suke koya wa juna. Kasmiran kuwa ya gayyaci unguwa kaf. Har ya sa an ɗinka masa riga mai hoton Guntur a baya, wanda ya fi kama da agwagwa.

Ranar gasa filin bayan kasuwa ya cika. Keji arba'in aka rataye a ƙugiyoyi ƙarƙashin rumfar kwano, alƙalai huɗu na zagayawa da 'yan tutoci, masu tsuntsaye na bayan shinge suna fito, suna tafi, suna kaɗa hannu kamar masu korar awaki. Dokar guda ce kowa ya sani: tsuntsun da ya fi daɗewa yana zuba waƙa bai yanke ba, shi ke da tuta. Guntur ya samu lamba goma sha bakwai, gefen tsuntsun Haji Mulyoto.

"Pak Haji," in ji Kasmiran, "ku yi haƙuri da abin da zai faru. Shekara uku ma an gode."

Haji Mulyoto ya dubi agwagwar da ke bayan rigar Kasmiran ya kau da kai.

Aka yaye mayafai. Guntur ya ɗaga wutsiya ya saki murya, sai da ta danne ta sauran talatin da tara. Alƙalai huɗu suka juyo gaba ɗaya. Kasmiran ya haye shinge.

"Nawa ne! Sha bakwai! Ni na koyar da shi!"

Tiriri-tiriri-tiii...

Guntur ya ƙame. Baki buɗe, fiffike ɗaya a sama, ƙafa ɗaya a ɗage. Sai kansa ya fara juyawa a hankali, zagaye, zagaye, zagaye.

"Ya mutu ne?" in ji alƙali na farko.

"Bai mutu ba, kansa na yawo."

Aka ƙirga ashirin. Guntur ya ɗora daga daidai inda ya tsaya, layi uku masu daɗin da ba a taɓa ji ba, ya sake ƙamewa.

"Salon ƙasar waje ne!" Kasmiran ya yi ihu. "Ku ba shi lokaci!"

Daga cikin taro muryar Mbah Darmo ta taso. "Ran! Kawo kwandala, iska ta shige shi!"

Mutanen Karangwungu suka kwashe da dariya har Yu Sarmi ta zauna a ƙasa. Guntur ya farfaɗo, ya waiga, ya ce: tin-tin! Alƙalai huɗu, da Haji Mulyoto, da rabin filin suka laluba aljihu suka ciro waya. Kafin su mayar ya sake: tin-tin! Suka sake cirowa.

Murai kuwa tsuntsu ne mai ɗaukar abin da ya ji. Tsuntsun Haji Mulyoto, wanda bai taɓa yanke waƙa ba tun da aka san shi, ya karkata kai ya saurari maƙwabcinsa. Ya yi layi uku. Ya tsaya. Ya fara juya kai.

"A'a!" Haji Mulyoto ya dafe hula. "A'a, a'a, a'a! Ku sauke sha bakwai!"

Lamba sha biyar ya ɗauka. Ashirin da biyu ya ɗauka. Cikin minti biyu rumfar da ke amsa kuwa ta koma wani abu daban: waƙa ta tashi gaba ɗaya, ta mutu gaba ɗaya, tsuntsu arba'in baki buɗe suna juya kai kamar an ɗaure su da zare guda. Masu tsuntsaye suka tsallake shinge, kowa na rige-rigen lulluɓe nasa, wasu na toshe wa keji kunne da hannu. Babban alƙali ya sauko da Guntur da kansa, ya miƙa wa Kasmiran daga nesa kamar mai miƙa garwashi.

"Pak, kada mu sake ganin wannan tsuntsu a filin nan. Ko ta bakin hanya kada ku wuce da shi."

"To, ko tutar ƙarfafa gwiwa..."

Takalmin Haji Mulyoto ne ya ba shi amsa, ya wuce ta gefen kunnensa.

Bu Tumirah na zaune a baranda lokacin da ya shigo, unguwa na biye da shi. Ta dubi hannunsa na dama, keji. Ta dubi na hagu, babu komai.

"Bune, alƙalan nan ba su waye ba. A ƙasashen da..."

Ta karɓi kejin, ta zare sakata. Guntur ya leƙo, ya yi tsalle ɗaya, ya tashi ya sauka a ƙololuwar mangwaron Yu Sarmi. Ya gyara fiffike. Sannan ya ɗauko waƙar gwarzon nan tun daga farko, ya zuba ta, ya zuba, minti ɗaya, minti uku, minti biyar, ko numfashi bai tsaya ja ba. Unguwa ta yi tsit. Mbah Darmo ma bakinsa a buɗe.

"Ku kira alƙalai!" Kasmiran ya kama gindin mangwaro yana girgizawa. "Wani ya hau babur! Ku shaida! Guntur, sauko, ɗana, sauko!"

Guntur ya ƙarasa waƙarsa, ya saki abin da ya saki a kan agwagwar da ke bayan rigar, ya nufi gonakin shinkafa.

Bu Tumirah ta miƙa hannu. "Wayarka."

"Bune?"

"Wayarka, Pakne."

Ya miƙa. Ta saka ta cikin keji, ta rufe, ta sa ɗan kwaɗon akwatin kayanta, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Ta rataye kejin a ƙugiyarsa. Sannan ta juya ga bango.

"Yu Sarmi, goge allon nan tun ban zo na goge shi da kaina ba."

Ta koma ga mijinta, wanda ke tsaye yana kallon wayarsa ta tsakanin sanduna.

"Kana iya yi mata wanka da safe. In ta yi kuka, ka ba ta gyare."